Lemon da Goggo ta riga ta buɗe

Jiya a wajen suna a Oforikrom, Goggo Ladi ta ɓalle murfin lemo kafin ta miƙo mini. Dabarar mutanenmu na Zongo ke nan: abin da aka buɗe ba ya komawa, dole a sha.

Na ce, "Goggo, likita ya ce sugana ya hau. Bai zama ciwon suga ba tukuna, amma yana bakin ƙofa."

"Ei, 'yar jami'a! Ai bai shigo ba. Sha mana."

"Haka kuka riƙa ce wa Baba har aka yanke masa ƙafa."

Yanzu ana cewa na yi rashin kunya. Na karɓa. Da ƙafafuna biyu nake so a kai ni kabari.

Ku yaya kuke ce wa manya a'a?