Baƙin Gilashin Salifu

Duk mai wucewa ta rumfar Salifu ranar kasuwar Korgom zai ɗauka aiki yake, don kansa na sunkuye gaban ordinatarsa, wato kwamfuta, yatsunsa na kan madannai. Sai wanda ya matso ya lura zai gane injin a mace yake tun hantsi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, Salifu kuwa ya karkata shi yadda rumfar da ke bayansa za ta fito a ciki kamar a madubi. Rumfar Amani ce, taubashinsa.

Sana'arsu ɗaya, tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai cikin katin waya. Salifu ne ya fara ta a Tasawa, shi ya koya wa Amani, kuma tare suka je Maraɗi sayen sababbin injuna da abin da suka samo a ci-rani. Mai kanti ya ajiye musu guda biyu. Ɗaya mai ƙwaƙwalwa mai ƙarfi ce, amma rumbun ajiyarta tsohon yayi ne mai juyawa. Ɗayar ƙwaƙwalwarta matsakaiciya, rumbunta sabon samfuri mai sauri. Salifu ya ga tambari mai ƙyalli a jikin ta farko, ya rungume ta.

"Kai ɗauki jakin," ya ce wa Amani, "ni na ɗauki doki."

Ba su daɗe da dawowa ba sojoji suka karɓi mulki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, a gonakinsu kuma ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero ke bununi. Abincin gidan Salifu ya koma kan injin nan. A nan ya gane turi aikin rumbu ne, ƙwaƙwalwa ba ta da abin yi a ciki sai shan batir da hura iska mai zafi. Kafin nasa injin ya gama farkawa, Amani ya sallami mutum. Kafin rana ta take, dokin ya kwanta.

Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Salifu bai taɓa waiwayawa ba, amma ya san kowa da ya tsallaka, har wanda ya zagaya ta bayan masu tabarmi don kunya. Dariyar Amani ta fi komai ci masa rai.

"Maigida, dokin ya sha ruwa kuwa yau?" Amani zai ɗaga murya. "Kawo shi in kai Maraɗi a sake mishi ciki."

"Ranar da na nemi shawarar yaron da na koya wa kunna inji, ka sa a yi shela."

Mutum ɗaya ta rage masa, Inna Dabora, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ke zuwa a sa mata waƙoƙin coci. Ba ta taɓa duban rumfar Amani ba. Muddin tana zuwa, Salifu na jin bai faɗi ba.

Ran nan ta makara, kasuwar daddawa ta riƙe ta. Ta kwance katin daga bakin zanenta ta miƙa masa.

"Ɗana, sa mini sababbin nan, jikata za ta yi aure ran Asabar. Yi maza, mai amalanke na jirana."

Salifu ya karɓa. Ya danna makunni, ya sake dannawa, ko ƙyaftawa injin bai yi ba. Ya so ya ce mata ta dawo kasuwa mai zuwa, amma Asabar za ta riga kasuwar zuwa. Tsohuwa na tsaye tana gyara ƙwarya a kai.

Ya miƙe, ya taka zuwa rumfar da bai taɓa shiga ba, ya ajiye katin gaban Amani ba tare da ya dube shi ba.

"Na Inna ne. Kada ka haɗa mata da shirmenka."

Amani ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya fasa. Kafin Salifu ya koma mazauninsa an gama.

"Af, har an yi?" in ji Inna Dabora, da ta biyo bayansa. "Allah shi yi maka albarka, Amani. Ashe haka abin ke da sauri!"

A cikin baƙin gilashin Salifu ya ga Amani ya jawo mata kujera, ta zauna, ta ma manta da mai amalanke. Ƙura ta ɗan dusashe hoton. Ya kama hannun rigarsa ya goge gilashin tas.