Karan Iya Na Huɗu

A Randagi na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Hansai, wadda muke kira Iya. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu zagaye murhu tun garwashi bai mutu ba. Bayan gidanmu gona ce, bayan gonar kuma daji. A lokacin abin tsoronmu a dajin bai wuce kura da aljanu ba.

Iya tana da wata al'ada mai ƙona mana rai. Ba ta fara tatsuniya sai ta karya kara gida huɗu, ta riƙa jefawa a wuta ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan matar da labarin ya biyo ta bakinta. Mu kuwa mu yi ta mutsu-mutsu, kuma ni ce kan gaba wajen ƙorafi. Sai ta harare ni ta ce, "Ke uwar gaggawa, labari da masu shi. Bari in gaishe su tukuna."

Akwai tatsuniyar da ba ta yi mana sai mun matsa. Wai wata mata ce ta shiga daji yin itace, ta haɗu da wani abu zaune a kan kututture. Yana da kunnuwa, yana da baki, amma ba shi da murya tasa, sai ta aro. Ya tare hanya ya nuna sai ta ba shi labari. Sai ta ba shi wanda ta fi so, wanda take yi wa 'yarta. Da ta gama sai ya tambaye ta, da muryar wani tsoho da ya taɓa tarewa, na wane ne labarin. Don ta samu ta tsere, sai ta ce ba na kowa ba ne.

A nan Iya takan rage murya. "Shi ke nan, ya zama nasa."

Matar ta koma gida, ta buɗe baki za ta yi wa 'yarta labarin, ta tarar babu shi. Kashegari da yamma aka ji muryarta a bakin daji tana ba da shi tiryan-tiryan, alhali ga ta zaune a tsakar gida. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi daji, ta miƙe ta bi muryar. Ni dai duk ranar da aka yi wannan tatsuniya, ko fitsari ba na iya fita sai da rakiya.

Iya ta rasu kafin dajin ya zama abin da ya zama. Mu ma da zama ya gagara saboda 'yan bindiga muka kwashe muka dawo Kaduna, dangi kowa ya kama gabansa. A nan na zama irin marubutan da ke buga littafinsu da kansu. Na tattara tatsuniyoyin Iya na kai maɗaba'a, na yi ta yawo da su a jaka, amma mutane sun koma waya. Wani mai shafi a intanet ya ce zai ɗora mini su, sai dai in cire jerin sunayen nan na farko, wai mai karatu ba ya jira, da ya ga doguwar sharar fage zai wuce. Ban yi gardama ba. Uwar gaggawa ce dai har yanzu, da hannuna na goge su.

Kwanan baya 'yata Hafsat ta shigo da wayata tana murna, wai ta samo wata tatsuniya mai ban tsoro. Bidiyo ne a wani shafin da ban sani ba, muryar na'ura tana karantawa, mai santsi, ba ta ko numfashi. Jimlolina ne ɗaya bayan ɗaya, har da kututturen. Babu sunana, balle na Iya. Na san wannan abin mai muryar aro tun ina yarinya.

Hafsat ta dube ni ta ce, "Mama, ashe a nan kika samo na littafinki?"

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na karɓe wayar na kashe, na zaunar da ita gaban kurfoti. Babu kara a gidan haya, sai na zaro tsinken tsintsiya na karya huɗu. Na jefa na farko na ce Hansai, don Iya da sunanta take farawa. Na biyu, Goggo Tabawa. Na uku, Dudu mai tallan nono, wadda ke zuwa daga ruga. Na ɗaga na huɗu, na buɗe baki, na tarar babu komai. Na ɗauko littafin da na buga na duba, ashe a can ma uku na rubuta, ban ko lura ba.

Da ina zaton Iya tsorata mu kawai take yi don kada mu yi nisa da gida. Yanzu na gane abin kan kututture ba ya ƙwace, tambaya yake yi, mu muke sakar masa. Na kira duk wanda nake da lambarsa cikin dangi, babu mai tunawa. Tsinken na huɗu yana nan cikin jakata, kuma Hafsat takan tambaye ni yaushe za mu jefa shi.