Ƙwayoyin da aka saya da sunana

Matar ɗana ba ta faɗa mini tana da ciki ba, ni ma ban tambaye ta ba. A wurinmu cikin fari ba a kawo shi a baki, balle a gaban uwar miji. Amma ina da ido. Na ga wata ya kama ya mutu, wani ya kama, ba ta yi fashin salla ba. Na ga in an kawo albasar Tabelot tana toshe hanci da bakin mayafi, ita da ke cin ta ɗanya. Na yi hamdala a zuci, na kama bakina.

Mijinta yana Tchibarakaten wajen haƙar zinariya tun bayan babbar salla. Mu biyu ne a gidanmu na Dagmanet, ɗakina yana kallon nata.

Wata safiya ina kwashe toka a murhu sai na ga abu yana ƙyalli. Ɓawon ƙwayar magani ne, irin mai dalmar nan da wuta ba ta ci, an lanƙwasa shi an tura ƙasan toka. Na ce a raina, in ciwon kai ne, me ya kawo ɓoyo? Na ɗaure shi a bakin zane. Bayan ƴan kwanaki na sake tono wani.

Ban yi lakkol ba balle in iya boko, rubutun jikinsa bai gaya mini kome ba, sai zuciyata ta shiga karanta mini nata. Yarinya ce ƙarama, miji ya yi nisa. Ko wata ta hure mata kunne ta ɓarar da cikin? Jikana ne fa, na farko daga ɗan nan. Na shiga bin ta da ido: wankinta a igiya, yadda take tashi daga tabarma, daɗewarta a bayan gida. Ko ta gane ban sani ba, gaisuwarta dai ta ƙara gajarta.

Akwai wani mai tallar magani da ke bi ta lungunmu da hantsi, tire a ka, kwalaye an jera an ɗaure da roba. Ban taɓa sayen abinsa ba. Maganin da ke wuni cikin ranar Agadez bisa kan mutum ban san abin da ya zama ba. Ran nan na tare shi a ƙofa, na kwance bakin zane na nuna masa. Kafin in yi magana ya washe baki.

"Inna, ya bayan? Ya saki?"

"Bayan wa?"

"Naki mana. Amaryarku ta ce ciwon baya ya hana ki sakat. Na ba ta mai ƙarfi, irin wanda ƴan zinariya ke sha su shiga rami."

"Ka ga na yi maka kama da mai shiga rami?"

"Haba Inna, ai kin fi su ƙwari."

Ban yi dariya ba. Na ce, "In mai juna biyu ce ta sha fa?"

Ya sauke tiren, ya sosa ƙeya. "To, sai ta sha rabi."

"Wa ya ce maka rabi?"

"Haka dai muke yi."

Na gaya masa in na sake ganin tirensa ya tsaya a ƙofarmu, cikin rairayi zai tsinci ƙwayoyinsa.

Na iske matar ɗana a tsakar gida tana tankaɗe. Na zube ɓawon a kan faifai.

"Ashe bayana ke ciwo ban sani ba."

Ta sunkuyar da kai, rariyar ta tsaya a hannunta.

"Ke ɗiyar nan, ɗago. Yau babu kunya tsakanina da ke. So kike ki zubar?"

"Wallahi Inna a'a!" Sai ga hannunta bisa ciki, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba. "Bayana ne. In na yi daka ba na iya miƙewa. Ta yaya zan tsaya bakin hanya in ce wa namiji ina da... Kuma in na ce zan tafi likita, sai kin tambaye ni me ya same ni."

Na yarda da ita, amma ba duka ba. Na ce ta ɗauko mayafi.

Ungozomar likita ta juya ɓawon, ta ce na ciwon jiki ne, ba na zubar da ciki ba. A nan na sauke numfashi. Sai ta ƙara da cewa ba na mai ciki ba ne, in ciki ya tsufa yana iya taɓa ƙodar yaro. Ta rubuta mata parasetamol da yadda za ta sha, da ƙwayar ƙarin jini. Ta ce ko bayan haihuwa kada ta haɗiye kome sai ta tambaya, don wani maganin yana bin nono.

Na ce wa ungozomar, "Ɗiyata, ki faɗa mini gaskiya. Ya taɓa shi ko bai taɓa ba?"

"Inna, zuciyarsa tana bugawa lafiya. Abin da zan iya faɗa miki yau ke nan. Ku riƙa zuwa awo."

Amsar ba ta ishe ni ba, amma ita na samu. Maganin na ajiye a ɗakina, ni ke ba ta da hannuna. Turmi ma na karɓe, duk da tsufana.

Da damina ta haihu, ɗiya mace, ƴar ƙarama, sai dai murya. Mata suka cika gida da guɗa, suna cewa a kira ubanta a salula. Na ce a dakata. Na ɗauke ta zuwa bakin ƙofa inda haske yake, na juya ta gaba da baya, na zauna da ita bisa cinya. Sai da ta kama nono, sai da ta jiƙa mini zane sharkaf da fitsari, sannan na ce to, a kira shi.