Gwangwanin Gurya da Tarhon Alhaji

Ɗazu ɗiyata ta nuna mini manhajar da ke adana kiran abokan ciniki. Na ce maza rubuta, na riga su!

Shekara arba'in baya, ni ke tsaron tarho a shagon audugar Alhaji a Funtuwa. Ban iya rubutu ba. Kowane dillali da gwangwaninsa, in ya kira na jefa gurya ɗaya.

Wani dillali ya rantse sau biyar ya kira ban faɗa ba. Alhaji ya ce in kwashe kayana.

Na zazzage gwangwaninsa, gurya ɗaya tak.

Ya ce, "Ƙila ɓera ya ci."

Na ce, "Malam, ɓeran ya ci huɗu, ya mayar da murfi?"

Alhaji ya tuntsure da dariya, ya ce, "Koma kujerarka."

'Yan zamanin tarho, ku da me kuka riƙe naku?