Ranar da Na Gyara wa Malam Haladu Faranti

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Bin Mahmud ta Doha ya san Malam Haladu ba ya wuce ƙarfe bai ɗora masa bayan hannu ba. Ƙofar gida, jikin mota, murfin tukunya. Ya taɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Ya sha zafi. To, zai riƙe?" Ni Sabo direba, shekara uku muna ɗaki ɗaya, kuma wallahi ban taɓa ganin ɗan boko mai wahalar da mutum irinsa ba.

Karatun digirin dokta ya kawo shi Doha. Aikin fa? Farantan ƙarfe shida ya jera a saman benenmu, kowanne da irin shafin da ya yi masa, ga wayoyi maƙale a baya har zuwa wata na'urar awo. Wai yana auna wanne ya fi shan zafin rana, wanne ya fi riƙe shi. A garin da rana ke narka takalmi! Kowa na neman inuwa, shi ya haye sama tsakar rana da littafi, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Wata Juma'a mun fito masallaci, ya tsaya yana shafa baƙar motar wani Balarabe. Mai motar ya iso yana "Yalla, yalla!" Malam ya dube shi, da gurgun Larabcinsa ya ce, "Fentinka ba shi da amana, shaihu. Yana karɓa, yana zubarwa." Ni na ja shi kafin a kira mana 'yan sanda.

Ko sanƙona bai tsira ba. Ya ɗora mini ma'aunin zafi a ka, ya rubuta a littafi, ya ce, "Sabo, gobe ka shafa mai, mu gwada."

Na ce, "Gobe ka nemi wani ɗakin."

Awon ƙarshe kwana arba'in ne a jere, cikin tsananin zafi. In ya katse sai baɗi, ga takardar zamansa na ƙarewa ƙarshen shekara, watau ya koma gida hannu wofi. Ana saura kwana tara zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce in hau in kwafo masa lambobi. Na hau. Sai na ga faranti na shida, wanda ya fi ji da shi, yana wani shuɗi-shuɗi kamar ya koɗe. Na ce mutumin nan ba lafiya, bari in taimaka. Ina da ragowar baƙin fentin da nake ɓoye ƙarcen mota da shi kar kafil, wato uban gidana, ya gani. Na feshe shi tas!

Na sauko ina washe baki, na ba shi labari. Da zanen rufarsa ya haye benen. Ya dubi farantin. Ya ce, "Sabo, shuɗin nan shi ne aikin. Shekara biyu nake haɗa shi."

Na ce khalas, shi ke nan, na kashe bawan Allah. Ya zauna ya ƙura wa na'urar ido har la'asar, ni na rasa inda zan sa kaina. Can sai ya daka tsalle.

"Kar ka taɓa! Ƙarfe ɗaya, waya ɗaya, wuri ɗaya! Wata guda da shafina, yanzu da fentin jahili! Duba yadda ya huce!"

Na ce, "Na gode, Malam."

"Kai, ka yi shiru! Hujjar da malamaina ke nema ke nan, cewa shafina ne ke riƙe zafin!"

Ya ci jarrabawarsa. Da littafin bincikensa ya fito ya buɗe mini wani shafi, ya sa yatsa ya fassara: faranti na shida, fentin Malam Sabo. Shekara ashirin ina tuƙa mutane, babu wanda ya rubuta sunana sai a takardar laifin hanya.

Ya koma gida da nufin haɗa wa asibitin ƙauyensu tankin ruwan zafi mai aiki da rana, bai gama ba ciwo ya ɗauke shi. Allah ya jiƙanka, Malam. Ka sha rana a duniya, Allah ya sanyaya makwancinka, ya raya abin da ka bari.