Abin da hijabina ya rufe

Duk mai uwa ko uba a gidan kula da tsofaffi, ya ajiye abin da yake yi ya karanta wannan. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Yau zan yi magana.

Ina cikin wanke shinkafa hannuna na dama ya saki tukunya. Kafin a kai ni asibiti baki ya karkace. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Da aka sallame ni, ba mu da ƙarfin ɗaukar mai jinya a gida, sai aka kai ni wani gidan tsofaffi da ke bayan Wendover, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, in koyi tafiya da magana.

Ɗana na fari yana zuwa kullum in ya tashi aiki. Ya durƙusa, kai a ƙasa, yadda na koya masa. "Mama, ya jiki?" In gyaɗa kai, ina cikin hijabi har ƙasa. Mutanen masallaci ma haka: sannu, addu'a, kwanon tuwo, su tafi.

Ba wanda ya san cewa aikin ɗaga ni na mutum biyu ne, amma ma'aikaciyar safe ita kaɗai take fizgo ni, ta hannun da ya mutu. Harshena kuma ya ƙi faɗa.

Ana jajiberin Sallah autata Nusaiba, wadda nake yi wa faɗan rashin kunya tun tana ƙarama, ta zo da lalle. Ba neman izini ta ɗage hijabin. Shatin yatsu da kumburi tun daga gwiwar hannu har kafaɗa.

Ta juya kan wanta. "Yaya, kullum kana nan, ba ka gani ba?"

Ya ce, "Haba Nusaiba, ni zan buɗe jikin Mama?" Sai ya fashe da kuka.

Hoton ƙashi ya nuna kafaɗar ta goce, ta kuma daɗe a haka. Masu gidan suka ce wai maganin tsinka jini ne ya sa tabon. Nusaiba ta kai ƙara, masu bincike suka zo suna duba tsofaffi ɗaki-ɗaki.

Maƙwabciyar gadona, wata tsohuwar Baturiya da ba mai leƙo ta, an sami haƙarƙarinta a karye. Ba ta ga ƙarshen binciken ba. Ina jin nishinta kullum, ina zaton tsufa ne.

Alhamdulillahi, yanzu ina takawa da sanda, bakina ya buɗe. Hannun dai likita ya ce in haƙura. Waɗanda suka yi mini addu'a da masu kawo abinci, Allah Ya saka muku.

Amma ku ji ni da kyau: dubiya ba gaisuwa kaɗai ba ce. Kunya tarbiyya ce, ban janye ba. Sai dai a gidana yanzu doka ce: duk wanda ya kwanta ciwo, mace ta buɗe jikin mace, namiji na namiji, a duba daga kai har tafin ƙafa. Sannan a ce ya jiki.