Shafin da Inna ta ƙulla yaji da shi

Yayana alƙalin wasa ne a ƙauyenmu, can gefen Sandamu. Ba wanda ya naɗa shi. Usur ya saya, ya haɗa da wani littafin dokokin ƙwallo a wurin mai tsofaffin littattafai a kasuwar Daura, shi ke nan ya zama alƙali. Littafin da Turanci yake, shi kuwa Yaya a aji biyar na firamare ya ajiye boko. Ni ce mai sakandare a gidan, don haka in na zo hutu sai ya zaunar da ni in karanta in fassara masa. Ba na so. Abu ɗaya sai ya tambaye ni sau huɗu.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da shigowa ba, kowa ya koyi neman hujja. Ko gardamar iyakar gona ake, sai ka ji an ce a wane littafi ka gani.

Wata Juma'a samarinmu suka kara da na wani ƙauye daga wajen Babban Mutum. Ni ban je ba, mata ba sa zuwa. Yadda aka ba mu labari, ana gab da tashi ɗan garinmu ya buga ƙwallo ta nufi waje, sai ga jakin wani mai itace ya ratso fili, ta bugi cinyarsa ta karkata ta shige raga. Gari ya ɗauki ihu. Yaya ya busa ya ce ba ci ba ne. Bayan nan baƙi suka ci ɗaya, suka tafi da ragon gasar.

Kafin magariba an gama yanke masa hukunci: wai aure yake nema a can ƙauyen, ya sayar da garinsu don ya burge surukai. Neman auren gaskiya ne, sauran ƙarya. A masallaci mutanen da ke kusa da shi suka canza sahu. Washegari dagaci ya kira shi tare da Baba, ya ce tunda ya ce a littafi yake, ya kawo littafin bayan la'asar. In babu, ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa ya ci amanar gari, ya ajiye usur.

Ya dawo ya miƙo mini littafin. Na san dokar tana nan, har na tuna shafin, akwai zanen kare a tsakiyar fili. Na buɗe, na sake buɗewa. Tsakiyar littafin ta tafi, sai zare.

"Inna, wa ya taɓa littafin nan?"

"Na masu gajeren wando? Ni ce. Takardar ƙullin yaji ta ƙare mini."

"Inna!"

"Ke, kada ki yi mini ihu. Sai da na duba shafi-shafi, babu bisimilla, babu sunan Allah ko ɗaya. Ƙartai ne kawai suna bin tamaula."

Yaya ya zauna a kan turmi. Na sa Inna ta lissafa mini gidajen da suka sayi yaji a makon, na zari hijabi. Shi ba zai iya shiga gidan matan aure ba, dole ni.

Wahalar ba tafiyar ba ce, gaisuwar ce. Rana tana tafiya, ana tambayata ya makaranta, ya malamai, ya gajiyar shekaranjiya. Gida na farko sun hura wuta da tasu. Na biyu suka ba ni shafi a kan faɗin fili da tsawonsa. Wata amarya, wadda mijinta yake tsaron ragar garinmu, ta ce ba ta ajiye shara don 'yan gidan maciya amana. Na ce ta gaya wa mijin nata da ya iya kama ƙwallo da ba a kai ga maganar jaki ba. Ban tsaya jin amsa ba.

An kira azahar, an idar. Saura gidan Gwaggo, yayar Baba, a ƙarshen gari.

"Gwaggo, yajin da kika saya wurin Inna, ina takardar?"

"Koma waje ki yi sallama. Boko ya cinye miki ladabi?"

Na koma, na yi sallama, na durƙusa, na gaishe ta har da tambayar ciwon gwiwarta. Sai da ta gamsu sannan ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado. Gwaggo ba ta yar da komai. Ƙulli uku ne a ciki. A na biyu na hango wutsiyar karen.

"To ni in zuba yajina ina?"

Na juye mata a murfin kwano na fita da gudu, tana bina da "Mahaukaciya kamar ubanta!"

A zauren dagaci maza sun cika. Na tsaya daga bakin ƙofa na karanta, na fassara: in dabba ta shigo fili ta taɓa ƙwallo, a tsayar da wasa, alƙali ya saki ƙwallon a wurin da abin ya faru.

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwarsa ce fa. Abin da ta ga dama za ta faɗa."

Dagaci ya ce a ba hedimastan firamarenmu takardar. Ga shi ɗan hedimastan ne ya buga ƙwallon nan da ta bugi jaki. Ya ɗaga takardar kusa da fuska, ya yi atishawa sau uku, hawaye na zuba. Ya share, ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Yarinyar nan daidai ta karanta. Ba ci ba ne."

Wani ya miƙe ya ce, "Amma kare aka zana, Malam, namu kuwa jaki ne!"

Liman, wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba, ya ce, "Kai, zauna. Wannan ƙiyasi ne. In an hana kare, jaki za a ƙyale?"

Aka kwashe da dariya. Dagaci ya ce magana ta ƙare, duk wanda ya sake kiran yaron nan maci amana shi zai tsaya a ƙofar masallaci. Nan take surutu ya koma kan mai jakin.

Sai a lokacin na bar bakin ƙofar. Na zauna a dakalin waje, ban damu da wanda yake kallo ba. Baba ya fito ya wuce ni, ya dawo, ya ce in tashi mu tafi gida. Yaya bai biyo mu ba. Samari sun tare shi suna tambaya ko zai busa musu wasan Juma'a mai zuwa, shi kuma yana cewa sai ya yi shawara.